Wasiƙar Alƙali Zuwa Ga Alƙali: Haƙƙin Falke Bayan Ƙetare Iyaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, ya haramta riba da cin dukiyar mutane da ƙarya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin a aiko shi, har mutanen Makka suka yi masa laƙabi da Amintacce.

Bayan haka, duk wanda ya tsaya bakin hanya a Katabu, kusa da Mararrabar Jos, zai ga manyan motoci ɗauke da kaya dare da rana sun nufi Zariya da Kano. Wasu ba su sauke kaya sai sun wuce Jibiya sun isa Maraɗi, wasu kuma sun juyo da dabbobi da wake daga Jumhuriyar Nijar. Yawancin wannan ciniki kuwa bisa amana ake yinsa, a ɗauki kaya yau, a biya in an sayar. To, amma in amana ta karye, mai kaya yana Kaduna, wanda ake bi bashi yana Maraɗi, ina za a kai ƙara? In kuma an yi hukunci, wa zai zartar da shi?

A zamanin fatake masu zuwa Gwanja neman goro, fatoma shi ne jingina. Shi ke saukar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. In rigima ta fi ƙarfinsa sai a tafi gaban alƙali, littattafan da alƙalin Kano ke hukunci da su kuwa su ne a hannun alƙalin Damagaram. Da Turawa suka shata iyaka sai hanya ta rabu biyu. Nijeriya ta gaji tsarin shari'ar Ingila, Nijar ta gaji na Faransa. Yau hukuncin kotun Kaduna ba ya aiki da kansa a Maraɗi. Sai mai haƙƙi ya fassara takardunsa zuwa Faransanci, ya ɗauki lauya, ya roƙi kotun can ta amince da hukuncin. Ƙaramin ɗan kasuwa yakan duba kuɗin da zai kashe, ya ga sun fi bashin, sai ya ce ya bar wa Allah.

Barin abu ga Allah bisa yafewa alheri ne mai lada. Amma wanda ya bari don ya rasa hanyar karɓa, an zalunce shi ne, alhakinsa kuma yana wuyan wanda ya cinye. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa jan rai da mawadaci ke yi wajen biyan bashi zalunci ne. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi kuma, a cikin wasiƙarsa ga Abu Musa al-Ash'ari, ya gargaɗe shi cewa furta gaskiya a majalisar shari'a ba shi da amfani muddin ba a zartar da ita ba.

Malaman fiƙihu sun san wannan matsala tun da daɗewa, suka yi mata babi da ake kira wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. In haƙƙi ya tabbata a gaban alƙalin wani gari, wanda ake ƙara kuwa yana wani gari, sai alƙali ya rubuta wa takwaransa abin da ya tabbata a gabansa, adalai biyu su shaida cewa wasiƙar tasa ce, alƙali na biyu ya zartar ba tare da an sake shari'a daga farko ba. Imam Buhari ya ƙulla babi a kan haka a cikin Kitabul Ahkam, Ibn Asim ma ya yi masa fasali a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi. Ashe ke nan tun can shari'a ba ta yarda nisan gari ya zama mafakar macuci ba.

Ƙofa ta biyu ita ce tahkimi, wato masu jayayya su yarda da wani adali masani ya raba su. A mazhabar Malikiyya wannan ya halatta a sha'anin dukiya, ban da haddi da kisa da saki da nasaba, kuma in ya yanke hukunci ya lizimce su duka biyu. Ta uku ita ce sulhu. Manzon Allah ya sulhunta Ka'abu ɗan Maliku da wanda yake bi bashi a masallaci, ya yi masa nuni ya yafe rabi, ya umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran.

Gyare-gyaren da hukumomi suka yi a wannan zamani sun bi ta kusa da waɗannan ƙofofi. A 1958 aka ƙulla yarjejeniyar Niyok, wadda ta wajabta wa kotunan ƙasashen da suka shiga su zartar da hukuncin masu tahkimi ko da a wata ƙasa aka yanke shi. Nijar ta shiga a 1964, Nijeriya a 1970. A 1993 Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka kafa ƙungiyar OHADA don daidaita dokokin kasuwanci, da babbar kotu guda a Abijan. Binin da Cadi da Kamaru duk sun shiga, Nijeriya kuwa ba ta ciki. A gida, Legas ta buɗe zauren sulhu a harabar kotu a 2002, Kano ta bi sawu a 2009. A watan Mayu na 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar tahkimi da sulhu, wadda ta maye gurbin ta 1988. Dokar ta bai wa masu ciniki damar zaɓen wanda zai raba su da ƙa'idojin da zai bi, ta kuma ɗauki yarjejeniyar da aka yi ta saƙon waya ko kwamfuta a matsayin rubutacciya.

Abin lura ga Musulmi a nan shi ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda aka kafa a Kaduna a 1960, tsarin mulki ya iyakance ikonta ga aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi da makamantansu. Rigimar ciniki ba ta cikin wannan jeri. Saboda haka falken da ke son a raba shi da abokin cinikinsa bisa fiƙihu, hanyarsa mafi sauƙi ita ce su rubuta tun farko cewa in saɓani ya auku wani malami masanin mu'amala da suka yarda da shi ne zai yi hukunci. Hukuncin nasa, in an cika sharuɗɗa, ana iya kai shi kotu a Kaduna ko a Nijar a nemi zartarwa.

Duk wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mai cewa rubutu rashin yarda ne, bai fi Ubangijinsa sanin halin mutum ba. A rubuta yawan kaya da irinsu, da ranar biya, da kuɗin da za a biya da su, naira ko sefa, domin canji yakan motsa tsakanin ɗaukar kaya da biya, a nan ne galibin husuma ke tsira. A kuma kiyayi sharaɗin ƙari saboda jinkiri, domin riba ce.

Su ma mahukunta akwai nauyi a kansu. Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, amma zumunta da ciniki tsakanin Katsina da Maraɗi sun girmi kowace ƙungiya. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa da aka kafa tun 1971. Ya dace a bi ta wannan hanya a sauƙaƙa amincewa da hukunce-hukuncen juna, a kafa zaurukan sulhu a kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Illela da Maigatari, a yi aiki a cikinsu da Hausa, harshen da ɓangarorin biyu ke ciniki da shi.

Wanda kuma ya ci dukiyar ɗan'uwansa ya ɓuya bayan iyaka, ya tuna akwai ranar da babu naira babu sefa, da ayyukansa na ƙwarai za a biya masu binsa. Allah ya ba 'yan kasuwa ikon riƙon amana, ya ba alƙalai ikon tsayar da adalci, ya sa a gama lafiya. Amin.