Haƙorin da Ya Fice da Shaidar da Aka Sa wa Hannu

Haƙori mai kogo yana iya jiran likita mako guda, ko da mai shi zai kwana yana juyi. Haƙorin gaba da ya fice ɗungurungum daga mazauninsa, a faɗuwar babur ko gwaren filin ƙwallo ko naushin dambe, ba ya jira. A jikin saiwarsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai, su ne ke ɗaure shi da ƙashin muƙamuƙi, kuma da zarar iska ta fara busar da su sun kama hanyar mutuwa. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya ta sabunta a 2020 sun ɗauka cewa idan haƙorin ya wuce minti 60 a bushe, waɗannan ƙwayoyin sun riga sun mutu. Ana iya mayar da shi duk da haka, amma sau da yawa sai saiwar ta manne da ƙashi, jiki ya riƙa cinye ta sannu a hankali har haƙorin ya tafi. Wannan sa'a guda ita ce ke tayar da tambayar da ta wuce ilimin haƙori: yaushe ya halatta a ce da mutum ya iya, kuma idan aka faɗa alhali bai iya ba, alhakin yana wuyan wa?

Abin da ake so ɗalibin ajin ƙarshe na likitancin haƙori ya riƙe ba shi da yawa a takarda. A kama haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. Idan ya yi datti a ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan gishiri na asibiti, a mayar da shi raminsa nan take. Idan ba a iya ba, a tsoma shi a madara ko a miyaun mai shi, don ruwan famfo yana kumbura ƙwayoyin nan har su fashe. Sannan a ɗaure shi da maƙwabtansa da siririyar waya mai lanƙwasuwa tsawon mako biyu, a bincika ko yana buƙatar allurar tetanus. Duk ɗalibi mai ƙoƙari zai rubuta wannan a jarrabawa ya ci. Matsalar ita ce asibitin koyarwa an gina shi ne a kan alƙawari: mai ciko ya zo ranar kaza, mai cirewa ya zo ranar kaza, ɗalibi ya yi, malami ya sa hannu, a ƙirga. Rauni kuwa ba ya yin alƙawari. Yana zuwa da magariba, da jini a gaban riga da uwa tana kuka, kuma babban likita ne ke karɓarsa don babu lokacin koyarwa. Saboda haka mutum yana iya kammala shekara shida a Kano ko Maiduguri ko Ibadan, ko ma shekara biyar a Ingila, bai taɓa tura haƙori cikin raminsa da yatsunsa ba. Ra'ayina shi ne takardar da aka ba shi a ƙarshe shaida ce, da duk nauyin da shaida ke da shi a addini, kuma ba a shaidar abin da ba a gani ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan lamunin mai magani. Asalin hukuncin hadisi ne da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya ɗora biya a kan wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da shi ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa masu magani gida biyar, kuma wurin da ya fi jan hankali shi ne yadda ya raba hukuncin jahili gida biyu. Idan marar lafiya ya san mutumin bai iya ba, amma ya ba shi izini, babu biya. Idan kuwa ya miƙa jikinsa ne bisa zaton ƙwararre ne, akwai biya. Ke nan abin da hukuncin ya rataya a kai shi ne zaton da aka gina a zuciyar marar lafiya. To a zamaninmu wa ke gina wannan zaton? Uban da ya shigo da ɗansa a guje ba ya tambayar rauni nawa likitan ya taɓa yi wa aiki. Farar riga ya gani, kuma bayan rigar akwai tsangayar da ta yaye shi da hukumar likitoci da ta ba shi lasisi. Su ne suka ce wa jama'a an san wannan da aikin. Idan sabon likita ya ɓata sa'ar nan wajen kame-kame, ba zan ce shi kaɗai ne mai laifi ba, don bai yi ƙarya ba, an yi ta ne a madadinsa. Rabo mafi girma na alhakin yana komawa kan hannun da ya sa hannu.

Za a ce ai haƙori ne kawai, ba wanda giɓi ya kashe. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke ɗaukar yara, a yankin da ciwon noma ke cinye fuskokin ƙanana har aka ware masa asibiti a Sakkwato, ina ake da sukunin damuwa da haƙorin gaba? Wannan magana tana da nauyi, kuma idan kuɗi kaɗan ne dole a fara da abin da ke kisa. Amma shari'a ba ta ɗauki haƙori ƙaramin abu ba. Suratul Ma'ida ta ambace shi da sunansa a jerin gaɓoɓin da ake ƙisasi a kansu. Diyyarsa raƙuma biyar ce, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani, wato haƙora 20 sun kai diyyar rai cikakkiya. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa haƙorin da aka buga ya yi baƙi, diyyarsa ta cika ko da yana tsaye a baki, kuma abin sha'awa ne cewa wannan baƙin shi ne likitan yau yake karantawa a matsayin alamar jijiyar ciki ta mutu. Sannan yawan abin ba kaɗan ba ne: wani nazari da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa mutane fiye da biliyan ɗaya da ke raye sun taɓa samun raunin haƙori. Mafi yawan ficewar na faruwa ne ga 'yan firamare, a haƙoran sama na gaba, kuma ba a yi wa yaro dashen ƙarfe sai ƙashinsa ya gama girma. Yarinyar da ta rasa haƙori tana da shekara tara za ta yi kusan shekara goma tana rufe baki da mayafi in za ta yi dariya. Ƙari a kan haka, koyar da wannan aiki ba ya cin kuɗin maganin sauro. Waya ce da ɗan abin liƙi da lokacin malami.

Hanzari na biyu ya fi ƙarfi. Makaranta ba za ta iya fasa bakin yara don ɗalibai su koya ba, kuma ai don haka aka sa shekarar aiki ƙarƙashin kulawar manya bayan kammalawa. Ga kuma waya a aljihu, ƙa'idojin da Jens Andreasen na Denmark da almajiransa suka shafe shekaru suna tacewa duk suna intanet. Gaskiya ne, amma karatu a waya yana amfanar wanda hannunsa ya riga ya saba ne. Wanda bai taɓa lanƙwasa waya a kan haƙora masu jini da miyau ba, zai gano a gaban marar lafiya cewa abin liƙi ba ya kamawa a jiƙe. Kuma rashin mai rauni ba uzuri ba ne, tunda ana iya cire haƙori a mayar a ɗaure a bakin roba, ko a muƙamuƙin tunkiya da za a sayo a kwata, har hannu ya faɗa. Ana iya sa ɗalibai kwanan aiki a sashen gaggawa, inda raunin yake zuwa da kansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci cikin farillan da idan wasu suka yi sun ɗauke wa saura, har ya yi kukan garuruwan da suka cika da masu jayayyar fiƙihu babu likita Musulmi ko ɗaya. Abin lura shi ne irin wannan farilla ba ta sauka da ƙirgar masu takarda. Tana sauka ne idan bukatar ta biya. Garin da ke da likitocin haƙori goma, amma babu wanda zai iya ceto haƙorin da ya fice, har yanzu ana bin jama'arsa bashin wannan aikin. Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, shekara dubu da suka wuce, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙora masu girgiɗi da zaren zinariya, ya kuma yi gargaɗi a kan ɓarnar masu cire haƙori da jahilci. Ba sabon ilimi muke nema ba.

Saura masu cewa abin da ya fita ƙaddara ce. Faɗuwar yaron ƙaddara ce, babu musu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an karya masa haƙori a Uhudu, kuma bai hana a yi masa magani ba, Nana Faɗima ta ƙona tabarma ta tsayar da jinin fuskarsa da tokar. Shari'ar da ta koyar da imani da ƙaddara ita ce kuma ta ɗora wa jahilin mai magani biya, don haka ba ta yarda a ɓoye sakaci a bayan ƙaddara ba. Haɗarin da nake gani ma a wani gefen yake: idan aka cika tsoratar da ɗalibi da alhaki, sai ya zaɓi kada ya taɓa komai, ya rubuta takarda ya tura babban asibiti. A yawancin cututtuka wannan tawali'u ne abin yabo. A nan kuwa, tura yaro tafiyar sa'a biyu da haƙori naɗe a tsumma yanke hukunci ne a kan haƙorin, ko da an kira shi taka-tsantsan. Akwai inda janye hannu shi ne daidai: haƙorin yaron da bai yi famfara ba ba a mayar da shi, don kada a raunata na dindindin da ke kwance a ƙarƙashi, kamar yadda malaman fiƙihu suka ce a jinkirta diyyarsa a ga ko wani zai tsiro. Amma wanda ya sani ne kaɗai ke iya rabe janyewar ilimi da janyewar tsoro, kuma daga waje kamanninsu ɗaya.

Abin da ya sa na nace a kan masu sa hannu shi ne kuskuren wannan aiki ba ya bayyana da wuri. Ƙa'ida ta ce a riƙa duba haƙorin da aka mayar har tsawon shekara biyar aƙalla, domin saiwa tana iya narkewa a ɓoye bayan dasashi ya warke sumul. Lokacin da haƙorin zai yi baƙi ko ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa, likitan da ya kankare saiwar ya gama bautar ƙasa ya koma wata jiha, iyaye kuma ba za su taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ba wanda zai kai ƙara, ba alƙalin da zai ƙirga raƙuma. Wurin da kawai za a iya kama wannan kuskure shi ne ɗakin gwaji na ajin ƙarshe, ranar da malami zai miƙa wa ɗalibi haƙori da waya ya tsaya a kansa da agogo, kafin ya ɗauki biro.