Ruwan Tiga Amana Ce A Hannunmu



Littafin Farawa ya koya mana cewa a rana ta biyar Allah ya halicci kifaye da dukan masu rai na cikin ruwa, ya kuma sa musu albarka tun kafin ya yi mutum. Abin da Mahalicci ya sa wa albarka, ba shi yiwuwa mu zuba masa guba mu ce ba mu yi zunubi ba.

Mu mutanen Dangora da kewaye mun san darajar madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga cikinta masunta ke kamo mana tarwaɗa da karfasa, da ita kuma ake noman rani. Kogin Kano da ke cika ta yana gangarowa ne daga kudu, ta dajin Falgore. Can a Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, akwai dalma a jikin waɗansu duwatsun. Akwai ta kuma cikin tsohon batirin mota da muke fasawa a bayan gida.

Dalma ba ta ruɓewa. In ta shiga rafi sai ta kwanta cikin taɓo, ƙananan halittu su ɗauka, kifi ya ci su. Takan hana kifi girma, ta lalata ƙwansa, ta taru a ƙashinsa da hantarsa. Tafasa ruwa ba ya kawar da ita. A jikin yaro kuwa, ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Ba mu manta da Zamfara ba. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A 2015 ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi, Jihar Neja. A wannan shekarar ce marigayi Paparoma Francis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', yana tuna mana cewa duniya gidanmu ce duka.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu wanke ƙasar ma'adinai a rafi, kada mu niƙa duwatsunta a cikin gida, kada mu fasa batir kusa da rijiya. Mu faɗa wa maƙwabtanmu, Kirista da Musulmi, gama kogi ɗaya muke sha. Rigakafi ya fi magani.

Ubangiji, wanda ya kira masunta su zama manzanninsa, ya ba mu ikon riƙe wannan amana. Amin.