Allo da Takardar Ekspoze

Wani abokina da ke koyarwa a wata kwaleji a unguwarmu ta Amrigebe ya roƙe ni in zo in yi wa ɗalibansa magana kan satar fasaha. Yara ne 'yan shekara 13 zuwa 14. Kukansa shi ne, duk ranar da ya ba su ekspoze sai su ruga sibar, su kwafo shafi guda daga intanet, su buga, su sa sunansu a sama. Wani ma ko tallan da ke gefen shafin ba ya gogewa.

Na shiga aji da shirina. Na faɗa musu Chadi tana da dokar kare haƙƙin mawallafa tun 2003, akwai hukumar BUTDRA da ke karɓar wa mawaƙa da marubuta haƙƙinsu, kuma muna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Suna ta hamma. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, a makarantar allo in na kwafi abin da aka rubuta mini daidai, ba ƙari ba ragi, albarka ake sa mini. A nan in na kwafa sifiri ake ba ni. To wa ke da gaskiya?"

Ban ba ta amsar kirki a ranar ba, kame-kame na yi. Sai da na koma gida na gane cewa abubuwa biyu na cakuɗa musu a ƙwarya ɗaya.

Na farko maganar ƙarya ce. Yaron da ke rubuta allo bai taɓa cewa shi ya ƙago ayar ba, kowa ya san maganar wane ce. Malamanmu na da ma haka suke. Buɗe littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, za ka tarar cike suke da maganganun magabata irin su Al-Magili, amma kafin kowace sai ya ce wane ya faɗa a littafi kaza. Masu hadisi kuwa ilimi sukutum suka gina a kan wa ya ji daga wa. Ashe ambaton tushe ba Bature ya kawo mana shi ba. Laifin mai ekspoze ba kwafin ba ne, sunan nan ne da ya ɗora a sama.

Na biyu maganar dukiya ce, kuma a nan ne bakina ke nauyi. Littafin makaranta ɗaya kan fi ƙarfin aljihun uba, sai yara goma su yi karo-karo su kai wa mai fotokofi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, sunan marubucin na nan a bango, amma ko dala bai samu ba. Haka masu tura waƙoƙi da finafinan Kano a katin waya a kasuwa: suna ɗaukaka sunan mawaƙi suna kashe masa ciniki lokaci guda. Na gaya wa yaran cewa wannan tauye haƙƙi ne, kuma har yanzu ina kan bakana. Sai dai ban iya kiran yaron da ke neman karatu ɓarawo ba, kuma ba na jin zan iya.

Doka ma ta bar ƙofa. Amurkawa suna da abin da za a kira amfani bisa adalci, inda alƙali ke duba manufar mai ɗauka, da yawan abin da ya ɗauka, da ko ya taɓa kasuwar mai abu. Mu tsarin Faransa muka gada: ka ɗebi ɗan guntu don koyarwa ko sharhi, muddin ka ambaci marubuci da inda ka samo. Aro kuma ba abin kunya ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama na Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, ya yi musu wanka ya sa musu babbar riga har suka zama namu. Wanda ya kwafo shafi a sibar ko karanta shi bai yi ba.

Akwai abin da na ɓoye wa ajin. Shekarun baya wani rubutu kan haƙurin uwa ya shigo mini ta WhatsApp, ba suna. Na karanta shi a shirina na dare da irin muryar da ke sa mai saurare ya ɗauka daga cikina yake fitowa. Waya ta yi ta ƙara, ana yaba mini, ni kuwa ina cewa na gode. Ban ce nawa ne ba, ban kuma ce ba nawa ba ne. Bayan kwana biyu wata mata ta kira ta ce ita ta rubuta shi a makon da mahaifiyarta ta rasu. Ba kuɗi take nema ba. Tambaya ɗaya ta yi: me ya hana in ce ban san mai shi ba?

Mako na gaba na koma ajin na ba su labarin nan, ba wanda ya yi hamma. Yarinyar ta sake ɗaga hannu ta ce: "To Malam, ka faɗi sunanta a rediyo daga baya?" Na ce na faɗa. Ta ce: "Sau nawa?" Na ce sau ɗaya. Ta ce ai rubutun sau biyu aka sa shi, don ta ji maimaicin da safe tare da mamarta.