Ko Daidai Ne A Yi Wa Maganar Allah Ado Mai Tsada?

A birnin Dablin, cikin ƙasar Ailan, akwai wani tsohon littafin Bishara huɗu wanda a ke kira Littafin Kells. An rubuta shi da hannu wajen shekara ta 800, cikin harshen Latin, bisa fatar maruƙa. Warƙa 340 ce ta rage a cikinsa, masana kuwa sun ƙiyasta sai da aka feɗe maruƙa wajen 185 kafin a sami abin rubutawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da wannan ke nufi, watau garken gobe ne ɗungum. Mutanen Ailan na zamanin nan kuwa ba su da dukiyar da ta fi shanu, da su a ke yin ciniki, da su a ke biyan diyya. To, ga tambayar da mu ke so mu yi tunani a kanta a wannan wata, ya 'yan'uwa: ko daidai ne masu bi su zuba irin wannan dukiya domin ƙawata littafi, ga kuwa mayunwata a bakin ƙofa?

Bari mu fara duba aikin tukuna, domin kada mu yanke shari'a bisa abin da ba mu gani ba. Akan jiƙa fata cikin ruwan farar ƙasa har gashin ya saki, a miƙe ta bisa katako, a yi ta kankara har ta yi sumul. Alƙalamin na gashin dinya ne. Shuɗin Littafin Kells daga wani tsiro na ƙasarsu aka samo shi, mai ba da rini irin na baba. A waɗansu littattafai kuma akan buga zinariya ta yi fale-fale, a manna ta bisa shafi, a goge da haƙorin kare har ta ɗauki ido. A tsibirin Lindisfarne, arewa maso gabashin Ingila, wani mutum mai suna Eadfrith, wanda ya yi bishop daga 698 zuwa 721, ya rubuta Bishara huɗu, ya kuma yi musu zayyana. Kafin kowace Bishara ya cika shafi guda da gicciye da saƙaƙƙen zane kamar darduma. In mutum ya matso kusa, sai ya ga ashe zaren saƙar tsuntsaye ne da karnuka, wuyan wannan ya sarƙe da ƙafar wancan. A farkon Luka har ya zana kyanwa a gefen shafi, cikinta cike da tsuntsaye. Da alama bawan Allah ɗin nan bai ɗauki raha a kan zunubi ba.

Tun kafin a haifi kakannin Eadfrith an riga an yi ƙarar irin wannan aiki. A shekara ta 384, Jerom, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta wa wata budurwa mai ibada a Roma wasiƙa. A ciki ya tsauta wa mawadatan birnin da su ke rina fata da shunayya, su narka zinariya su yi haruffa, su yafa wa littattafai duwatsu masu daraja, Almasihu kuwa yana kwance tsirara a ƙofarsu yana mutuwa. A wani wuri kuma ya nuna shi dai ya fi son takardu marasa kyau in har rubutun ba kuskure. Wajen 1125 Barnad na Clairvaux, a Faransa, ya sake ɗauko maganar, ya ce Ekklesiya tana suturta duwatsunta da zinariya, ta bar 'ya'yanta ba tufa. Ƙungiyarsa ta 'yan zuhudu har ta kafa doka cewa a riƙa yin manyan haruffa da launi ɗaya tak, ban da zane.

Wannan ƙara tana da nauyi, ba mu kuwa da ikon ture ta da hannun hagu. Duk wanda ya zauna cikin taron dattawan Ekklesiya ran da a ke gardama ko a sayi labulen bagadi ko a taimaki gwauraye, ya ji muryar Jerom, ko da bai san sunansa ba.

Amma akwai wata wasiƙa kuma. Wajen 735, Bonifas, mutumin Ingila mai kai Bishara ga kabilun Jamus, ya roƙi wata shugabar mata 'yan zuhudu mai suna Eadburg ta rubuta masa wasiƙun Bitrus da haruffan zinariya. Dalilinsa shi ne, mutanen da ya ke yi wa wa'azi ba su iya karatu ba, da ido su ke auna daraja. In ya ɗaga littafin a gabansu ya ƙyalla, za su sani maganar Babban Sarki ce, su kasa kunne. Wannan mutum ba mai son jin daɗi ba ne, gama a bakin aikin nan aka kashe shi a 754. Mun kuma tuna da macen nan ta Betanya wadda ta zuba wa Ubangiji man ƙanshi na dinari 300, kusan ladan ɗan ƙodago na shekara guda. Waɗanda su ke wurin suka ce ɓarna ce, da an sayar an ba matalauta. Ubangiji kuwa ya tsaya mata. Saboda haka tsada kaɗai ba ta isa ta kayar da aiki ba.

Sai dai mu lura, macen nan fasa tulun ta yi, ba ta koma gida da kome ba. Ku gwada ta da Jean, hakimin Berry a Faransa, wanda ya sa 'yan'uwa uku, 'yan Limbourg, su yi masa littafin addu'a da ba a taɓa ganin irinsa ba, da shuɗi na wani dutse mai tsada wanda a ke haƙowa a Afganistan. Talakawa sun san wannan hakimi da nauyin haraji. A shafin watan Janairu, ga shi nan an zana shi zaune gaban tebur cike da abinci, barori suna ta hidima. Juya zuwa Fabrairu, sai ka ga manoma cikin ƙanƙara sun ɗage tufa suna jin wuta. Ya mutu a 1416, masu zanen ma duka suka mutu a shekarar, littafin bai ƙare ba. A ganinmu, a nan Jerom ya ci shari'a sarai. An ce man na Ubangiji ne, amma a kan mai gida aka zuba shi.

Abin da ya fi damunmu kuwa yana cikin Littafin Kells kansa. A farkon labarin haihuwar Yesu cikin Matta, an ba taƙaitaccen sunan Almasihu kusan shafi guda, an cika shi da mala'iku da ƙulle-ƙulle, har da kyanwoyi da ɓeraye a ƙasa. Hannun da ya yi wannan bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Amma rubutun cike ya ke da kurakurai. Akwai shafin da aka rubuta sau biyu. A Matta 10:34 kuma, inda Ubangiji ya gargaɗi almajiransa cewa zuwansa zai jawo takobi, kalmar Latin ita ce gladium. Marubucin ya sa gaudium, watau murna. Ana tsammani an yi littafin domin a ɗora bisa bagadi a ranakun idi, ba domin karatun yau da kullum ba, watakila shi ya sa kuskuren ya zauna. Amma ku duba inda tuntuɓen ya faɗo. Magana mai ɗaci ce ta zama mai zaƙi, ba wanda ya farga. Wannan shi ne hatsarin ado, yana iya ƙosar da ido har kunne ya yi barci. Ko ba mu taɓa fita sujada muna yabon muryar mawaƙa ba, ba mu kuwa riƙe kalma ɗaya ta waƙar ba?

Wajen 1007 ɓarawo ya sace littafin daga masujadar Kells. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka same shi a binne ƙarƙashin ƙasa, an ɓamɓare marufinsa na zinariya. Ɓarawon ya ɗauki abin da idonsa ya koya masa shi ne mai daraja, ya yar da Bishara.

Littafin Eadfrith ya sami wani rabo dabam. Mahara daga arewa suka fāɗa wa Lindisfarne a 793, a 875 kuma 'yan zuhudun suka bar tsibirin da littafin a hannu, daga baya suka zauna a Chester-le-Street. A can, tsakiyar ƙarni na 10, wani firist mai suna Aldred ya ɗauki alƙalami ya yi abin da mai son zane zai kira ɓata littafi. Bisa kowace kalmar Latin ya rubuta ma'anarta da ƙananan haruffa cikin harshen mutanensa, tsohon Turanci. Bai tsallake ko manyan shafuna masu ado ba. Wannan ita ce fassarar Bishara huɗu mafi tsufa da ta rage cikin Turanci. Mu da sai a 1932 muka sami Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, mun san abin da mutumin nan ya ke nema wa jama'arsa. Ba mu ga ya rage wa Eadfrith kome ba. Eadfrith ya kira mutane su matso su duba, Aldred ya sa waɗanda suka matso su ji.

A ƙarshen littafin Aldred ya rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin: Eadfrith da ya rubuta, Ethilwald da ya ɗinke, Billfrith da ya ƙera masa marufi na zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, sa'an nan shi kansa. Marufin Billfrith ya ɓace tun da daɗewa, wanda ke jikin littafin yanzu a 1852 aka yi shi. Littafin yana Landan, a babban ɗakin karatu na Birtaniya, da tsuntsayen Eadfrith da kyanwarsa, da ƙananan haruffan Aldred a tsakanin layuka.