Fuskokin da Sharaku ya ƙi gyarawa

A watan Mayun 1794, wani mai buga hotuna a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, mai suna Tsutaya Juzaburo, ya fitar da hotuna 28 na 'yan wasan kabuki. Mai zanen, Toshusai Sharaku, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Cikin wata goma ya yi zane kusan 140, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa.

Sana'ar tana da tsarinta. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa a allon katako, kowane launi da allonsa, mai bugu ya danna takarda. Masu saye kuwa masoyan 'yan wasan ne, suna son su ajiye fuskar gwaninsu a gida.

Tun 1629 hukuma ta hana mata hawa dandali, saboda haka maza ke fitowa a matsayin mata. Namiji zai shekara da shekaru yana koyon tafiyar mace da muryarta, ya shafa farar hoda, ya rufe askin goshinsa da ƙyalle shunayya. Sharaku ya zana hodar, ya zana ƙyallen, amma ya bar dogon hanci da haɓar magidanci yadda suke.

Gaskiya ce wannan, ko tonon asiri?

Mai kare ɗan wasa zai ce ai bai yaudari kowa ba. Duk wanda ya shiga gidan wasan ya san namiji ne, kuma ya yarda ya manta na 'yan awoyi. Wanda ya nuna haɓar bai ƙara wa kowa ilimi ba, abincin mutum kawai ya taɓa. Hujja ce mai nauyi, don ba kowace gaskiya ce ake bin mutum bashin faɗarta ba.

Duk da haka ina bayan Sharaku. Dubi hotonsa na Otani Oniji na Uku a matsayin Edobei, mugun bara mai shirin fashi: wuya a miƙe, baki a damƙe, yatsu a baje kamar ƙaya. Mutum biyu kake gani lokaci guda, Edobei da kuma Oniji yana wahalar zama Edobei. Haka ma mazan da ke fitowa a mata. Idan ka goge haɓar, ka goge tazarar da ɗan wasan ya tsallake, kuma tazarar nan ita ce gwanintarsa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan goge-gogen: kyamarar waya takan sulɓe fatar mutum tun bai roƙa ba, kuma wani ne ya zauna ya yanke cewa haka ya fi.

Inda hujjata ke rawa shi ne wajen wanda ya ɗauki asarar. Fuskar ta ɗan wasa ce, kuma da ita yake ci. Marubutan zamanin sun ce Sharaku ya matsa wa kamanni fiye da kima, shi ya sa bai daɗe ba. Utagawa Toyokuni, da ke ƙawata 'yan wasan, shi ya ci kasuwa shekaru masu yawa.

Sai a 1910 wani Bajamushe, Julius Kurth, ya rubuta littafin da ya ɗaga sunan Sharaku. A lokacin Oniji da abokan sana'arsa sun daɗe a ƙasa, kuma babu ɗaya cikin masu yabon da aka zana haɓarsa.