Idan Miki Ya Zama Abin Kallo

Mai karatu, ka ɗauka an gama shirya lokeshin ɗin fim tsaf: an kafa fitilu, an zuba yashi, an jera ƙore da saiwoyi, sai aka sallami 'yan wasa da mai kyamara, aka ce kai ka shiga ka zagaya. To, irin fasahar da ake yayi ke nan a manyan gidajen nune-nune na duniya. Wuri guda ake girkewa, ka shiga, ka shaƙa, wani sa'in har ka ɗanɗana. Da yawa daga masu yin ta kuwa tsofaffin wuraren da ake girmamawa da hanyoyin magani na gargajiya suke komawa su ɗebo kayan aiki.

Cikinsu akwai Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, ta koma Beljiyam da zama. A 2015 ta je Tsumeb ta ƙasar Namibiya, inda da can akwai wani koren dutse da mutanen yankin ke ɗibar jan ƙarfe a jikinsa. Turawa suka zo suka cinye shi, ya zama ƙaton rami. Ta tsaya a bakin ramin ta rera masa waƙa, kamar mai lallashin majinyaci. A 2017 kuma, a bikin documenta, ta sa aka dafa baƙin sabulu da gawayi da mai iri-iri a Athens ta Girka, aka kai Kassel ta Jamus aka sayar.

Wai shin ina ruwanmu? Ai mu ma muna da namu ramin. A 2010 likitocin MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida a daka a turmi, a niƙa a inji, ashe cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne yadda maganin ya kasance: likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma rarrafe cikin ƙurar da ta kama shi. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gida, aka zuba sabuwa. Wato ƙasa aka fara yi wa jinya kafin ɗan mutum.

Yanzu ka ce wani mai fasaha, ko wani daraktanmu, ya zo Dareta ya ɗauki turmi da buhun ƙasa da kukan uwa, ya kai su ɗaki mai sanyi a Legas ko Landan, ana tafa masa. Ya kyauta ko ya ci amana? Ni dai ina ganin shi ma mahaƙi ne. Na farko ya kwashi zinare ya bar dalma. Wannan ya kwashi labari, kuma dole a tambaye shi abin da ya bari.

Kada ka yi saurin cewa to a rufe mikin kawai. Bagega ta jira har 2013 kafin a kankare ƙasarta, kuma kuɗin bai fito ba sai da Human Rights Watch da matasa irin su Hamzat Lawal suka yi ta kwakwazo da hotuna da suna. Shiru ma kisa yake yi. Saboda haka a wurina nunawa ba laifi ba ne, hanyar da ribar ta bi ita ce shari'ar. Nkanga ta mayar da kuɗin sabulunta ga wata gidauniya a jihar Akwa Ibom, aikin ya ci gaba bayan an kashe fitilun baje koli. Ko ba ka son salonta, ta biya kuɗin abin da ta ɗiba.

Mu 'yan kallon fim ɗin Hausa fa, mun daɗe da namu salon. In an ce maganin gargajiya, sai a nemo kogon dutse, jan ƙyalle, da boka mai dariyar mugunta, ga kishiya ta durƙusa. Dala da Kwatarkwashi duwatsu ne masu tarihi, amma darakta tsawonsu kawai yake gani. Hukuncin tsafi na malamai ne, kuma sun yi bayani. Sai dai ina mai ɗori? Ina ungozoma da wanzami, waɗanda mutumin ƙauyen Gummi ke fara sallama a ƙofarsu kafin ya sami motar asibiti? Sau nawa ka gan su a matsayin jarumai?

In har ranar ta zo da turmin Dareta zai shiga ɗakin nuni, sai an wanke shi tas, don dalma ba ta san ɗan kallo ba. Kafin nan kuma sai an je an durƙusa gaban matar da ta yi daka a cikinsa, an ji ko ta yarda. Tana iya cewa a'a, a nannaɗe waya a koma gida.