Tsakanin Tawakkali da Ganganci: Darasi Daga Matuƙan Farko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, mu da muke zaune a bakin tafkin Madarunfa mun saba ganin masunta na tura kwale-kwale da asuba, har mun daina mamakin abin. Alhali kuwa ya kamata mu tambayi kanmu: mutumin da ya fara ɗora iyalinsa a kan itace, ya nufi gaɓar da idonsa bai gani ba, tawakkali ya yi ko ganganci?

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da kwale-kwale binne a ƙasa. Tsawonsa ya wuce mita 8, kuma masana sun auna shekarunsa sun kai kimanin 8,000, babu wanda ya girme shi cikin jiragen da aka tono a Afirka. Sassaƙarsa ta nuna hannun gwani wanda ya gaji sana'ar, ba ɗan koyo ba. Tun kafin wannan, kimanin shekara 50,000 da suka shige, mutane suka ƙetare teku suka isa Ostareliya, ƙasar da ba ta taɓa haɗuwa da Asiya ta tudu ba a zamanin ɗan Adam. Zuriyarsu ba za ta ɗore ba sai da maza da mata masu yawa, wato da shawara aka tashi. Haka mutanen tsibirin Borniyo suka kai Madagaska fiye da shekara 1,000 da suka wuce, da irin shinkafarsu, kuma har yau harshen Madagaska ɗan'uwan harsunan Borniyo ne. Wanda ya ɗauki iri ya yi tunanin damina mai zuwa.

To, amsarmu ke nan. Waɗannan mutane sun san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sun zaɓi itace, sun karanci iska da taurari, sun yi guzuri, sannan suka tura. Annabi Nuhu, alaihis salam, duk da alkawarin tsira da ya samu, sai da ya sassaƙa jirginsa.

Saboda haka matuƙin da ya cika jirgi fiye da kima ranar kasuwa don kwaɗayin kuɗi, da saurayin da ya shiga jirgin roba a gaɓar Libiya ba tare da sanin teku ba, kada su kira aikinsu tawakkali. Rai amana ne, namu da na wanda muka ɗauko. Mu gyara jirgi, mu ƙidaya mutane, mu duba sama, sannan mu dogara ga Mai ruwa.

Allah ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa, amin.